Yadda ake nemo dangin mutumin da aka tsinta bai san kansa ba, a nan Zariya

Wannan na wanda abin ya faɗo wa ne. Ka fito asuba ka tarar da tsoho zaune a ƙofar masallaci ba ya iya faɗin garinsu, ko yarinya 'yar shekara huɗu tana ta kuka a kasuwar Sabon Gari, ko an kwaso mutum daga haɗarin mota an kai asibitin Shika ba waya ba kati ba wanda ya san shi. Zariya mararraba ce fa, hanyar Kano ta nan, ta Kaduna ta nan, ta Funtuwa zuwa Gusau da Sakkwato ta nan, ga ta Pambeguwa mai zuwa Jos, ga kuma bayin Allah da 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari da Zamfara. Don haka tun farko kar ka sa a ranka cewa ɗan gari ne. Mu kuma yanzu abu ɗaya muka sani, a ɗauki hoto a watsa a Facebook a rubuta don Allah a tura gaba. Hoton yana aiki ban ce ba ya yi ba, amma akwai abubuwan da suke zuwa kafin shi, in ka tsallake su ko dai ka jefa kanka a rigima ko ka damƙa mutum a hannun wanda bai kamata ba.

Ka fara da lafiyarsa, suna ya biyo baya. Da yawa daga waɗanda ake cewa sun zare ba hauka ba ne sam. Mai ciwon suga in sugansa ya faɗi ƙasa zai riƙa zufa yana karkarwa yana surutai, in idonsa biyu kuma yana iya haɗiya ka ba shi lemon kwalba ko ruwa da sukari, sau da yawa cikin 'yan mintuna za ka ga ya dawo ya faɗa maka sunansa da kansa. Mai farfaɗiya bayan ta sake shi yakan jima a ruɗe. In ka ga baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana tana sarƙewa, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, asibiti kawai kuma da gudu. Haka wanda ya bugu a ka, ko wanda ɓarayi suka shaƙa wa wani abu a mota suka yasar a bakin titi. Wanda ba ya cikin hayyacinsa kar a ɗura masa komai a baki, ko ruwa ko rubutu, zai iya shaƙewa, a kwantar da shi ta gefe kawai. Lambar gaggawa 112 ce, in haɗarin hanya ne 122 ta jami'an kiyaye haɗura. Asibitin koyarwa na Shika yana nan, ga na Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga na Wusasa, wanda ya fi kusa shi za ka nufa. Kuma ka sani dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana asibiti ƙin duba mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Ka faɗi haka cikin ladabi in ta kama, ba da faɗa ba.

Na biyu, kar ka yi abin nan kai kaɗai. Wannan wallahi don kare kanka ne. Zamanin da muke ciki mutum ya riƙo hannun yaron da ba nasa ba yaron yana kuka, mutum ɗaya ya ce ɓarawon yara, kafin ka buɗe baki an taru a kanka. Shi ma wanda aka tsinta in baƙo ne yana kame-kame za a iya cewa infoma ne na 'yan bindiga a far masa. Tun a wurin ka tsayar da mutum biyu ko uku da aka sani, mai shago, mai shayi, liman, ɗan agaji, su zama shaida cewa a nan aka gan shi da ƙarfe kaza. In yaro ne ƙarami kar ka yi saurin ɗauke shi daga wurin, ku ɗan zauna a inda ake ganinku, don uwa inda ta rabu da ɗanta nan take fara dawowa. In an jima shiru sai ka bar lambar wayarka wurin masu sana'ar da ke wajen ka wuce gidan mai unguwa, daga nan ku je ofishin 'yan sanda mafi kusa tare. Ka roƙa a shigar da maganar a littafinsu, ka rubuta sunan jami'in da ya karɓa da rana da lokaci a wayarka. Amfanin wannan biyu ne, dangi in sun fara nema nan suke fara zuwa, kai kuma gobe ba wanda zai ce ɓoye shi ka yi. A nan ne kuma za a yanke inda zai kwana. Yaro yawanci gidan mai unguwa ko hannun jami'an walwala na ƙaramar hukuma, Zariya ko Sabon Gari, ya danganta da inda aka tsince shi. Mace kuma sai hannun mata, a gidan da akwai iyali, kar gwauro ya ce zai taimaka ya ajiye ta a shagonsa komai kyan niyyarsa.

To yanzu sai duba kaya, kuma a gaban shaidun nan, mace ta duba mace. Komai aka ciro a jera a kan tabarma a ɗauki hoto, kuɗi a ƙirga da ƙarfi kowa ya ji a rubuta. Kar ka tsaya a aljihun gaba, tsofaffi suna da aljihun 'yar ciki, wasu suna cusa takarda a naɗin hula, mata kuma bakin zani da lalita. Duk wata 'yar takarda da ta dunƙule ka warware ta a hankali, sau da yawa lambar ɗa ko jika ce aka rubuta masa da biro. Katin zaɓe ya fi komai sauƙi, yana da suna da jiha da ƙaramar hukuma da mazaɓa har rumfar da yake zaɓe, ka nemo kansilan wajen ko wani ɗan siyasar mazaɓar an gama. Katin asibiti yana da lamba, in ka kai sashen ajiye fayil na asibitin tare da ɗan sanda akwai adireshi da sunan makusanci a ciki. Risit ɗin POS, tikitin tasha, ledar shagon magani mai adireshi, tambarin tela a wuyan riga, bajen makaranta a yunifom, duk kar ka raina. Maganin da ke aljihunsa ka kai wa likita, shi zai gane ciwon da ake masa magani.

In akwai waya kuma a buɗe take ka kira lambobin ƙarshe da ya kira. In a kulle take ko ta fashe ko ba caji, ciro layin ka sa a wata wayar ka kira kanka, lambar ta fito kenan. Daga nan ka adana ta ka duba WhatsApp ko akwai hoto, ka gwada Truecaller. Akwai wata dabarar da mutane ba su cika tunawa ba, ka shiga manhajar bankinka kamar za ka tura kuɗi OPay ko PalmPay, ka sa lambar wayar ba tare da sifirin farko ba, in yana da asusu cikakken suna zai fito, ba sai ka tura ko sisi ba. Tsofaffin wayoyi kuma suna ajiye lambobi a kan layin kansa, ka duba can. Sai dai ka riƙe a ranka cewa layi da yawa da sunan wani aka yi musu rajista, ɗa ko maƙwabci, to ko hakan ne ai ka samu bakin zare. Katin ATM kuwa banki ba zai ba ka bayanin kowa ba kuma daidai ne, ta hannun 'yan sanda ake bi. Kar ka gwada cire ko kwabo da sunan za ka saya masa magani.

Hira ita ce inda aka fi yin ɓarna, don mutum ashirin ne za su zagaye shi kowa yana jefo tambaya, wane ne kai, daga ina, kai ba ka ji ne. Ko mai lafiya ya rikice. A kore taron, a ba shi ruwa da abinci, ya huta, mutum ɗaya ya zauna a ƙasa kusa da shi, wani kuma daga gefe yana rubuta duk abin da ya fita bakinsa ko da kamar shirme ne. In ka ɗauki muryar a waya ya fi.

Tsoho mai ruɗewar tsufa abin jiya ne yake ɓace masa, na shekara hamsin yana nan daram. Don haka kar ka ce Baba ina za ka, yau wace rana. Ka ce, Baba sannu da hutawa, Allah ya ƙara lafiya, a ina aka yanke cibiya? Wa ye sarkin garinku lokacin kuna samari? Wace rana kasuwarku take ci? In ya ce Laraba kuma yana ta zancen rake ka fara tunanin wajen Maƙarfi. Ka tambayi sana'arsa, sunan mahaifinsa, malamin da ya yi karatu a wurinsa, kogin da suke wanka. Da tsohuwa kuwa akwai wani abu da matasa suke mantawa, ba za ta faɗi sunan mijinta ba, ba za ta faɗi na ɗan fari ba, ko da ta rikice kunyar nan tana nan. Sai ka ga ana ta matsa mata Iya ya sunan maigidanki tana sunkuyar da kai a ce ai ba ta san komai ba. Ka ce mata, Iya wa ye autanki? Jikokin su wa da wa? Me ake yi a gidanku, saƙa ko jima ko fawa? Nan za ka ji ta saki baki, in mace ce ke tambayar ma ya fi. Kuma ka yi hattara da sunan gari, Tudun Wada da Sabon Gari da Unguwar Rimi kusan kowace jiha akwai su, kullum ka bi da tambayar wane babban gari ne kusa, motar ina ake hawa, nawa ne kuɗin mota.

Yaro ƙarami bai san sunan babansa na yanka ba, Abba ya sani ko Baba. Amma ya san me Abba yake yi, yana tuƙa keke napep, yana sayar da nama, yana zuwa jami'ar ABU. Ya san sunan islamiyyarsu ko malamarsu, ya san sunan yayyensa da abokin wasansa, ya san ko gidansu kusa da layin dogo ne ko akwai injin markaɗe. In ya natsu a zaga da shi unguwannin kusa a kan babur tare da wakilin mai unguwa, sannu a hankali, yara suna gane lungunsu da ido ko ba su iya faɗa ba. Almajiri kuma sunan malaminsa za ka nema da unguwar da tsangayar take, in bai sani ba kai shi wurin kowane alaramma na kusa, su sun san junansu fiye da yadda kake zato.

Ka kasa kunne ga harshe ma. Wanda ke cewa mi kaka so, shina zuwa, hwaɗa mani, ka san yamma ya fito, wajen Sakkwato da Zamfara. Wanda ya ce lakwal maimakon makaranta, ko yana lissafin kuɗi da jaka da sefa, Nijar ne. Tsagar fuska a wurin manya har yanzu tana magana, ta Gobirawa daga gefen baki take tafiya zuwa kunne, ta Barebari a tsaye take sauka, in ka rasa ganewa kira tsohon wanzami ya duba, aikinsu ne. In Fulatanci yake yi nemi arɗo ko ka je kara ranar kasuwa. In wani yare ne da ba wanda ya gane, nan Zariya ta fi garuruwa da yawa sa'a, Sabon Gari akwai shugabannin Yarabawa da Ibo da sauran ƙabilu, ga coci-coci a nan da Wusasa, ga ɗaliban ABU na Samaru da Kongo daga kowane lungu na ƙasar nan. Ɗauki muryarsa ta minti ɗaya ka tura a guruf ɗin ɗalibai ka ce wa ya gane wannan yaren. Kurma ko bebe ka fara miƙa masa takarda da biro, da yawansu sun yi makaranta. In bai iya ba nemo kurame 'yan uwansa masu maganar hannu, suna da zumunci mai ƙarfi gari zuwa gari. Makaho ko gurgu mai bara kuma akwai sarkin makafi da sarkin guragu, da ɗan gari akan ci gari.

Sai yanzu aka zo cigiya. Kafin hoto a wanke masa fuska a sa masa sutura, kar a ɗauke shi tsirara ko cikin jini ko a ɗaure, ɗan wani ne uban wani ne, kuma hoton zai daɗe yana yawo bayan ya warke. Fuska sosai a cikin haske, ɗaya kuma a tsaye da kayan da aka same shi da su. Rubutun ya zama gajere, kamar haka: "Cigiya. An tsinci wannan dattijo ranar Talata 14 ga wata da misalin ƙarfe 6 na safe kusa da gadar Kwangila, Zariya. Zai kai shekara 70, Hausarsa ta yamma ce, yana yawan ambaton wani Sani. Yana hannun hukuma cikin ƙoshin lafiya. Wanda ya san shi ya kira wannan lamba." Ka sa cikakken kwanan wata har da shekara a jikin hoton kansa, in ba haka ba bayan shekara uku za ka ga ana ta tura shi ana a taimaka. Kar ka rubuta gidan da yake kwana. Kar ka sa lambar asusu a haɗe da cigiya, nan take mutane za su ɗauka damfara ce.

Abin da na fi so ka riƙe a duk rubutun nan, ka ɓoye alama ɗaya ko biyu kar ka faɗa wa kowa. Tabon ƙuna a cinya, yatsan ƙafa da ya guntule, laya a damtse, abin da ke cikin jakarsa, sunan da yaro ya ce ana kiran mamarsa. Da wannan za ka gane mai gaskiya.

Inda za a kai cigiyar kuwa, masallatan unguwa bayan kowace salla, masallatan Juma'a, coci ranar Lahadi. Rediyo har gobe ya fi intanet isa ƙauye, akwai Queen FM da Alheri a nan gari, in kana zaton daga nesa yake Rediyon Tarayya na Kaduna ya fi nisan zango. Ka buga hoton a takarda ka kai tashoshin mota, Kwangila da sauran, ka ba 'yan yuniyan da 'yan kamasho, ka roƙi direbobin layin da kake zato su manna a tashar can, su ne suke tuna wa suka sauke jiya. A Facebook da WhatsApp kuma kar ka tsaya a shafinka, nemi guruf na garin da kake zargi, kusan kowace ƙaramar hukuma tana da shi. Mai unguwa shi ma ya tura sama ta hanyarsu, dagaci zuwa hakimi, masarautar Zazzau tana da faɗi kuma saƙo yana tafiya ta nan. Ka kuma duba ta ɗaya gefen, wataƙila danginsa sun riga sun saka tasu cigiyar, ka bincika kalmar ya ɓata ko an nema an rasa a Facebook, ka tambayi sauran ofisoshin 'yan sanda na gari.

Waya za ta fara shigowa, wasu masu addu'a, wasu masu son jin labari, wani kuma zai ce ɗan'uwansa ne a turo masa kuɗin mota ya zo, wannan kashe wayarka kawai. Wanda ya zo da gaske ka bar shi ya yi bayani tukuna, kar ka ba shi amsa a baki. Malam ka ce mahaifinka ne, to wace alama ce a jikinsa? Yaushe ya bar gida, da wane kaya? Ya zo da katin shaidarsa, da tsohon hoton da suke tare, in da hali da takarda ko wakilin mai unguwarsu. Haɗuwar a ofishin 'yan sanda ko gaban mai unguwa, ba a gidanka ba, ba kuma da dare ba. Ka lura da fuskar wanda aka tsinta lokacin da ya gan su, yaro in ya ga uwarsa ba sai an tambaye shi ba. Kar ka ga kamar tsanani ya yi yawa, a 2019 'yan sandan Kano sun gano yara tara da aka sace aka kai Anaca ta jihar Anambra aka canza musu suna, masu irin wannan sana'ar suna karanta cigiya su ma. In kuma ka ga mace ko yaro ya firgita yana ɓuya bayanka da ganin wanda ya zo, a dakata, wataƙila gudowa aka yi daga duka ko auren dole, a sa jami'an walwala a ciki. In akwai alamar safarar mutane ce hukumar NAPTIP ake kira. Mutum biyu suka zo kowa na cewa ɗansa ne, wannan ya wuce kai da mai unguwa, sai kotu, in ta kama a yi gwajin DNA. Ranar miƙawa a rubuta takarda, suna da adireshi da lambar wanda ya karɓa, shaidu su sa hannu, a ɗauki hoto, a mayar da kayansa da kuɗinsa kamar yadda aka ƙirga.

In makonni suka wuce shiru, a sake sabon hoto bayan ya yi aski ya murmure, don wani sa'in dangi ba sa gane mutum a hoton farko. A sake zama da shi, abin da bai tuna ba wancan makon yana iya faɗowa yanzu, musamman mai taɓin hankali da ya fara shan magani, Shika suna da sashen masu wannan lalura, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna. Ka roƙi DPO ya rubuta wa hukumar NIMC mai yin katin ɗan ƙasa, wanda ya yi katin an ɗauki zanen yatsunsa, kai ba za a saurare ka kai tsaye ba, kuma abin yana cin lokaci sai an yi ta bibiya. In alamu sun nuna daga Borno ko Yobe ko Adamawa yake, je ofishin Red Cross, suna da shirin haɗa iyalan da rikici ya raba, kuma rajistar mutanen da suka ɓata da ke hannun Red Cross ta duniya (ICRC) a Najeriya ta haura dubu 20, mafi yawa daga can. Yaro kuwa ko ka shaƙu da shi kar ka ce shikenan ya zama naka ka yi shiru, riƙo yana da hanyarsa ta ma'aikatar kula da walwalar jama'a ta jiha da kotu, a yi takarda.

Ranar da aka dace kuma ka koma duk inda ka kai cigiya, rediyo, tasha, masallaci, ofishin 'yan sanda, ka ce an samu. A intanet ka fara gyara rubutun ka sa AN SAMU DANGINSA a sama da kwanan wata, ka bar shi kwana biyu waɗanda suka tura su gani, sannan ka goge hoton gaba ɗaya. Su kuma dangin kafin su tafi ka ce su rubuta suna da lambar waya a ɗan ƙyalle su ɗinke a cikin rigunansa duka, don mai ruɗewar tsufa in ya fita sau ɗaya zai sake fita.